Silba da Azurfa

Fartanya ce ta sari Mama a ƙwauri, a gonarta ta citta can Fadan Kaje. Ta ɗaure da tsumma ta ci gaba da aiki. Kafin labari ya iso ni a Kafanchan, inda nake koyar da kimiyya a sakandare, ciwon ya zama gyambo. Na je na ɗauko ta, ita da tukunyar miyarta da ba ta yarda ta bari ba. Wata nas da muke coci ɗaya ta duba ƙafar, ta ja ni gefe ta ce in aka ƙara jinkiri, yankewa za a yi.

Mama ta ce ba ta san wannan zance ba. A asibiti Baba ya rasu, tun daga nan ko dubiya ba ta zuwa.

"Ƙafan nan nawa ne," in ji ta. "Babanki ya shiga wurin nan da ƙafa biyu, a kwance ya fito."

Na yi lallashi, na yi faɗa. Na kawo fasto ya yi addu'a, ta amsa da amin mai ƙarfi, ta ce ba ta zuwa. Taurin kai gado ne a gidanmu, ni ma kuma ba a raba babu ni ba.

Ana haka 'yan zumuntar mata suka zo gaishe ta. Ɗaya daga cikinsu, mai ɗa a ƙasar waje, ta ce Turawa yanzu suna haɗa batir da waya su narkar da silba cikin ruwa, wai yana kashe kowane ciwo. Suna fita Mama ta kira ni.

"Ba ke ne ticha na sayens ba? Ki yi mini ruwan silba. In na wanke zuwa ƙarshen wata bai warke ba, ki kira mota."

Ban yarda da ruwan ba ko kaɗan. Motar nake so. Na cire batir daga rediyo, na zare waya daga mataccen dutsen guga, na tari ruwan sama a kwalba. Saura ƙarfen. To, a kasuwarmu in ka ce silba, farar tukunya mara nauyi za a miƙo maka, ko kwano. Na san sarai ba ita baƙuwar ke nufi ba, amma silba Mama ta ce, kuma sauri nake. Na ɗauki almakashi na yanko zare biyu daga murfin tukunyarta, na tsoma, na haɗa waya. Ruwa ya yi fari-fari kamar an wanke shinkafa. Na kai mata da fuskar likita.

Ta dubi kwalba, ta dubi murfinta, ta dube ni.

"Bature in ya ce silba, azurfa yake nufi. Ke da kin yi makaranta za ki cuce ni da tukunya na? Wannan ba a lissafi."

Ashe ita ma ta san bambancin. Ta bar ni na ɓata murfin ne don kwanaki su tafi, kuma ta tabbata malama irina ba ta da azurfa ko ta ɗan kunne. Ta kishingiɗa tana murmushin wadda ta ci wasa, ƙafar kuwa ta fara wari. Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ni sosai.

Idona ya sauka a kan hannunta. Munduwar Kaka ce, wadda aka saya mata wurin wani baƙon ɗan kasuwa a Kagarko tun tana amarya. Ban taɓa ganin hannun Mama babu ita ba.

"Mama, ga azurfa nan a hannunki."

Murmushin ya ɗauke. Na ɗauka za ta zage ni. Sai ta ce in kawo sabulu, domin ƙashin hannun ya riga ya fi bakin munduwar girma. Muka murza har ta fita, ta bar farin zobe a fatar.

Tsohon maƙerin fari da ke bayan kasuwa ya juya ta a tafinsa ya ce, "Malama, kin tabbata? Irin wannan ba a yi yanzu." Na ce ya sare. Ya yi bisimilla, ya raba ta biyu, ya buge ta zama siraran sanduna.

Wannan karon abin ya yi yadda baƙuwar ta faɗa. Wani hayaƙi siriri ya riƙa tashi daga sanda ɗaya cikin ruwan, har ya koma kalar shayi mara ƙarfi. Na hana ta sha, wanki kawai. Safe da yamma na durƙusa ina wanke mata, tana leƙowa. Ba abin da ya canja sai faɗin gyambon da ya ƙaru. Ita ma tana gani, ido take da shi.

Wata bai ma ƙare ba na tashi na same ta zaune a bakin gado, ta ɗaura zanen zumunta, ta yi ɗaurin kallabi irin na zuwa sujada. Ta ce, "Ina mota?"

A ƙofar asibiti ta ja ta tsaya. Ta kama wuyan hannuna, daidai inda munduwa ke zama.

"Naki ne da, in na mutu. Kin riga kin cinye gadonki ina da rai. To sai ki fito da ni da ƙafa na."

Na ce, "Zan fito da ke, Mama."

An kankare, an ɗinke, an yi ta allura. Ta daɗe a kwance, amma da ƙafarta ta fito, tana ɗingishi, tana mitar murfin tukunya tun daga baranda. Ta yi shekaru tana zuwa gonar citta a kan ƙafar nan. Sandunan biyu suna wurina har yau, sun yi baƙi, ɗaya ta fi ɗaya sirantaka. 'Yata ta taɓa tambayata abin da kakarta ta bar mini. Na ɗauko su na ɗora mata a hannu.