Takwas Cikin Goma

Kawuna ɗinkin labule yake yi, amma ba wanda ke ce masa tela. Tafi ake kiransa. Duk ɗakin da ya shiga sai ya tafa hannu sau ɗaya, ya karkata kai yana sauraron yadda ƙarar ke yawo kafin ta mutu, sannan ya yanke hukunci: "Nan, in aka faɗi kalma goma, shida za a ji." Shekara talatin na rataye labule ne suka koya masa. Mun sha yi masa tsiya, amma abin haushi, ba ya kuskure.

Matarsa, Inna, kunnenta ya yi nauyi. Na'urar da take maƙalawa tana yi mata aiki a falo, amma a babban ɗaki komai hayaniya yake zame mata. Ga shi autarsu aka zaɓa ta yi jawabi ranar yaye ɗaliban aikin jinya.

Saura kwana biyu, Kawu ya ja ni zauren taron. Bango siminti tsirara, ƙasa tayil, fankoki na ta gurnani. Ya tafa. Ƙarar ta je ta dawo, ta ƙi tafiya kamar baƙon da ya ji ƙanshin girki.

"Biyar ga mai lafiyar kunne," in ji shi. "Innarku, uku."

Mai kula da zauren ya ce, "Haba Baba, ai sai mu ƙure lasifika."

"Ka ƙure, bango ma ya ƙure. Ɗana, tsani nake so."

Duk labulen shago muka kwaso, har na gida. Kwana biyu maƙwabta na kallon falon Kawu kyauta. Ya lulluɓe bangon baya, ya roƙa a kashe fankar da ke saman layi na uku, inda Inna za ta zauna. Ya sake tafawa. Ƙarar ta mutu nan take.

"Takwas," ya ce, yana kallon kujerar da Inna za ta zauna. Ya ba ni tausayi.

Ranar taro auta ta fara da godiya ga mahaifiyarta. Inna ta dafe ƙirji, na san ta ji. Ana gamawa Kawu ya sunkuyo.

"Nawa kika ji?"

"Tara."

"Takwas fa na ce!"

"To yau ka yi kuskure, Malam. Da goma ce cif, shessheƙarka ce ta cinye ɗayar."