Na Rubuta Cewa Burtalin Ba Shi Da Masu Shi

A lokacin da abin nan ya faru ban cika shekara talatin ba. Haifaffen Tambuwal ne ni, na gama karatun aikin gona na zauna ba aiki, har sai da wani kamfani ya zo da niyyar binne wayoyin wuta a ƙarƙashin ƙasa, daga wata tashar sola zuwa ƙauyukan da ke hanyar Kebbe. Suna neman ɗan ƙasa wanda ya san mutane, aka kai sunana. Aikina shi ne in bi layin da aka zana, in nemo mai kowace gona, in yi masa bayani cewa za a haƙa rami mai zurfin ƙirjin mutum, a shimfiɗa waya a mayar da ƙasa. Zai ci gaba da nomansa, amma ba zai dasa itace ko ya haƙa rijiya a kan layin ba. In ya yarda ya dangwala hannu.

Da farko komai ya tafi daidai, har kaina ya fara girma. Sai muka iso wani ƙauye kafin Kebbe, inda layin zai ratsa gonar gado ta wasu 'yan'uwa uku da ba su raba ba. In babban ya yarda, na tsakiya ya ce ba a shawarce shi ba. In na shawo kan na tsakiya, ƙaramin ya tafi kasuwar Dogon Daji. Mako uku ina zarya a kan babur. Injiniyan da ke shugabantarmu, wani dattijo mutumin kudu, ya fara cewa katafila na tsaye tana jirana, kuma ga damina ta ƙarato.

A gefen gonar akwai wani dogon fili da ba a nomawa, sai geza da busasshen kashin shanu. Ba zan yi ƙarya ba, na san burtali ne. Tun ina yaro nake ganin shanu na bin irinsa zuwa mashaya. Amma bazara ce, makiyaya sun yi kudu da dabbobinsu, babu wanda zai ce mini don me. Na je na gaya wa injiniya cewa na samo fili maras mai shi, a karkatar da layin ta nan. Ya tambaye ni sau biyu ko na tabbata, na ce na tabbata, na kuma rubuta haka a rahotona. Ranar da muke kafa turakun alama, wani tsoho da ke tufkar igiya a gindin aduwa ya kira ni ya ce, “Ɗana, wagga hanya da masu ita, tafiya suka yi.” Na ce masa kafin su dawo mun rufe ramin, Baba. Ya dube ni kawai ya ci gaba da tufkarsa.

Ba mu rufe ba. An haƙa ramin ya bi burtalin, ya kuma ratsa shi a daidai inda ya fi ƙunci, sai wayoyin suka maƙale a hanya ba su iso ba. Ruwa ya sauka, shuka ta fito, ramin ya cika da ruwan laka har ba a gane zurfinsa.

Wata safiya ina karyawa mai garin ƙauyen ya kira ni a waya ya ce in zo yanzu. Sai da na tura babur a wurare biyu saboda caɓi. Da na isa, ga abin da na tarar. Makiyaya sun dawo. Wata saniya mai ciki ta afka ramin ta karya ƙafa, sauran garken sun cunkushe a baya, kuma babu inda za su bi sai ta cikin geron 'yan'uwan nan uku. Su kuwa sun tsaya a bakin gonarsu da samarin gari riƙe da fartanyu da gatura, makiyayan na riƙe da sandunansu. Makiyaya na cewa manoma ne suka haɗa baki da kamfani don a toshe musu hanya. Manoma na cewa dabara ce kawai ta cinye musu shuka. Tsakaninsu bai fi taku goma ba.

Babu wanda ya san ni na zaɓi wurin. Zuciyata ta ce in ɗora wa kamfani, in ce daga sama aka zano layin, kowa zai yarda. Amma na ga wani saurayi ya fara matsowa da gatari, na san in jini ya zuba ni na zubar da shi. Na shiga tsakiya, na durƙusa a cikin laka gaban mai gari da arɗon makiyayan, na ce ni ne. Na ce manoman nan ba su san komai ba, injiniya ma ƙarya na yi masa. Na san burtali ne, na ce ba shi da masu shi don in huta da zarya.

Na ɗauka sanda zan ji a baya. Arɗon, wani siririn dattijo, ya dube ni ya tambaye ni ɗan wane ne ni a Tambuwal. Da na faɗa, ya ce ya san gidanmu, mahaifiyata ta sha sayen nono wurin matansu. Ya ce da baƙo ne ya yi haka da bai ji zafi ba. Wannan maganar ta fi mini duka ciwo. Sannan ya juya ya yi wa yaransa magana da Fulatanci, suka janye shanun baya. Babban 'yan'uwan nan shi ma ya ajiye fartanyarsa.

Na kira injiniya na gaya masa gaskiya. Kafin azahar ya iso da katafila, aka cike ramin a daidai mashigar burtalin, shanu suka wuce suka sha ruwa. Saniyar dai sai yankawa aka yi, kamfani ya sasanta da mai ita. Ina tsaye ina kallon garken na wucewa, hawaye suka zubo mini, ban ma damu da a gani ba.

A mota injiniya bai yi mini faɗa ba. Ya ce ya taɓa aiki a ƙasar waje, inda ake kafa manyan fankoki masu samar da wuta daga iska a tsakiyar teku, a jawo wayoyinsu su fito tudu su ratsa gonakin mutane. Ya ce a can ma igiyar ruwa ba ta taɓa tsayar musu da aiki kamar yadda mutumin da aka manta ba a tambaya ba yake tsayarwa. Bai kore ni ba, amma ya sa na sake bin sauran layin tun daga farko, wannan karon tare da wakilin arɗo. Mun tarar da mashaya biyu da tsohuwar maƙabarta da taswirarmu ba ta nuna ba.

Yau wayoyin na kwance a ƙasa, gero na fitowa a kansu, ba a rasa rai ko ɗaya ba, kuma na san ba wayona ba ne, Allah ne ya rufa asiri. Abin da na koya shi ne haƙƙin mutum a kan ƙasa ba ya gushewa don ba ya nan ranar da ka zo da takarda. Ina jan hankalin 'yan'uwana matasa da ake ɗauka irin wannan aiki don mun san garuruwanmu: baƙo zai iya kuskure da rashin sani, mu kuwa in muka yi shiru a kan abin da muka sani, mutanenmu ne za su ɗauki gatari a kan juna. Gara aiki ya makara wata guda da a yi jana'iza guda.