Kilen da Na Ɗauke Daga Kujerar Yaya Laminu

Ni ne na yi laifi, ba Yaya Laminu ba. Na fara da wannan ne don kada in sake samun hanyar zillewa, domin shekara goma sha biyu ke nan ina zille masa. Yau shekara tara da rasuwarsa a nan Tamanrasset, kuma in ka ambaci sunansa cikin Hausawan unguwar Gataa El Oued, abu ɗaya ake fara tunawa, wato mutumin da ya manta bai ɗaure bushon ba, notin nan da ke toshe mafitar baƙin mai, har injin motarsa ya mutu a hanyar Abalessa. Bai manta ba.

Ban yi lekkol, wato boko, mai nisa ba, saboda haka masu karatu su yi haƙuri da rubutuna. Sunana Habu. Ba uwarmu ɗaya da Yaya Laminu ba, ƙauyenmu ne ɗaya a ƙasar Damagaram, kuma shi ya sauke ni lokacin da na iso garin nan ba ni da kowa. Yana da wata tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya, irin wadda muke kira bashe. Da ita yake kai wa magina bulo da yashi, lokacin dabino da tumatir kuma ya tafi lambunan Abalessa ya ɗauko wa ƴan kasuwa kaya. Motar ta girme ni, amma ban taɓa ganin ta a garaji ba. Yakan ce mota kamar mara lafiya ce, mai jinyar ta kullum shi ke jin inda numfashinta ya sauya. Duk abin da na sani a kan inji a ƙarƙashin wannan bashe na koye shi, ina kwance a kan kwali shi yana miƙo mini hannu. Da na samu tawa motar, ƙofar gidansa na mayar wurin gyarana.

Yana da tsari a komai. In ya kwance noti, jera su yake a kan tsumma bi da bi, na farko a hagu, don ya mayar da su daga dama. Ɗan zoben jan ƙarfen da ke wuyan bushon, wanda wasu ke jefarwa, shi gasa shi yake a garwashin shayi har ya yi ja, ya bar shi ya huce, ya ce ya koma sabo. Amma babbar al'adarsa ita ce ta kile, wato abin ɗaure noti. Ranar sauya baƙin mai, da zarar ya kwance bushon ɗin ƙasan inji, sai ya ɗora kile mai lamba sha bakwai a kan kujerar direba. Idan man ya gama tsiyaya sai ya mayar da bushon da yatsunsa, sannan ya ɗauko kilen ya ɗaure tamau, ya goge shi ya sa a akwati. Muddin kile na kan kujera, aiki bai ƙare ba, kuma ba yadda za a yi ya zauna ya tuƙa bai gan shi ba. Kile a akwati kuwa, an ɗaure ke nan. Ya sha gaya mini cewa kai yana mantuwa, amma kujera ba ta yi.

Na san wannan sarai. Ina so a riƙe cewa na sani.

Wata safiya na zo da fitilu biyu manya da nake ɗokin ɗaurawa a ƙarfen gaban motata, don kawai a gan ni. Na tarar da bashe a buɗe, kwanon baƙin mai a ƙarƙashinta, shi kuma ba ya wurin. Matarsa, Yaya Hadiza, ta kira shi ciki, kan tukunyar gas ya ƙi ɗauruwa. Lamba sha bakwai nake bukata, ga shi kuwa a kan kujera. Na ce a raina, minti biyu ne in mayar. Na ɗaure fitiluna, na kunna su da rana tsaka, mutane suka taru suna yaba mini, ni kuma ina ta washe baki. Da na gama, hannuna ya yi abin da aka koya masa. Na goge kilen tas, na sa shi a gurbinsa cikin akwati, na ja motata na tafi nuna wa abokai.

Ya fito ya ga kujera babu komai, ya leƙa akwati ya ga kile a wurinsa. Ya zuba sabon mai ya kama hanya. Bushon ɗin da yatsu kawai suka murɗa ya jure kan gudro, wato kwalta, amma da ya sauka hanyar lambu mai gargada, sai ya warware ya faɗi. Ƴar fitilar da ke nuna mai ta daɗe da mutuwa, da kunne yake aiki, kuma kafin kunnen ya ji, inji ya riga ya kama, ya daina juyawa. Wani Buzu mai lambu ne ya jawo shi da igiya har ƙofar gida.

Washegari ya same ni ina wanke mota. Bai yi faɗa ba, murya ƙasa-ƙasa ya yi magana.

"Habu, jiya da ka zo, ka ga kilen sha bakwai a kan kujera?"

"Ban kula ba, Yaya."

Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa, sannan ya ce, "To, ashe tsufa haka yake fara sallama."

Amsar nan tawa ita ce laifin. Ɗaukar kile ganganci ne, kowa na iya yi. Amma a lokacin na ga ƙofa a buɗe, na san in na ce ni ne, iyakaci ya zage ni ya kore ni na wata biyu, duk da haka na zaɓi in tsira da fuskata. Na ce gobe zan faɗa. Da gobe ta zo sai maganar ta ƙara nauyi, jibi ta fi haka.

Injin bai gyaru ba. An sayar da bashe ga masu tara ƙarafa, shi kuma ya koma ɗaukar bulo a wurin gini yana da furfura. Wannan ma da sauƙi a kan abin da aka yi masa a fada, inda muke taruwa shan shayi bayan la'asar. Shekara da shekaru yana yi wa masu kai mota garaji dariya, sai ga ranarsu ta zo. Wanda ya fi kowa shi ne Sale Ɗan Maraɗi, direban tankar ruwa, abokin wasansa.

"Babban injiniya, sannu da zuwa. Yau wane noti ka shuka mana a hanya? Mu jira ya tsiro?"

Da can da sai Yaya ya ce masa, "Kai da ko tayar keke ba ka iya liƙewa." Amma yanzu murmushi kawai yake, ya karɓi kofinsa. Ni ina zaune a gefensa. Wani lokacin har na taya su dariya, don kada shiruna ya yi yawa a lura.

Shekara uku ya yi a haka, ciwon ƙirji ya kwantar da shi, Allah ya karɓi abinsa. A cikin shekarun nan bai sake riƙe kile ba. In na roƙe shi ya saurari injina, sai ya ce, "Nemi mai hankali a jikinsa." Ina cikin waɗanda suka ɗauki makararsa.

Ina yawan tambayar kaina abin da zai ce da ya ga yau. Motocin yanzu in ka buɗe gabansu roba ce ta rufe komai, ba inda hannu zai shiga. Masu su suna jona wata ƴar na'ura a ƙarƙashin sitiyari, waya ta gaya musu abin da ke ciwo. Wani na gani kwance ƙarƙashin motarsa, hannu ɗaya da kile, ɗayan riƙe da waya yana kallon wani Bature na koya masa sauya birki. Ina jin da Yaya ya yi tsaki, sannan ya tsuguna ya ce a mayar masa baya ya gani, domin shi ba ya raina ilimi ko daga ina ya fito. Abin da zai ba shi haushi shi ne yadda ake zubar da abin da zai gyaru. Ni dai na gaji. Gwiwoyina ba sa son kwali, idona ba ya ganin lambar kile sai na kai shi kusa da hanci, kuma kowace ranar sauya mai nakan yi ta da ciwon zuciya.

Abin da ya rage nasa yana nan a hannun mutane, ko ba su sani ba. Rabin masu tsofaffin motoci a unguwar nan suna jera noti a kan tsumma. Akwai masu gasa zoben jan ƙarfe a garwashi, suna cewa dabarar mutanen da ce. Ba wanda ke cewa ta Laminu ce. Sunansa wuri ɗaya yake fitowa, in wani ya shiga ƙarƙashin mota, sai a ce masa, "Ɗaure da kyau, kada ka yi ta Laminu." Waɗanda ba su taɓa ganin sa ba ma suna faɗa. Dabarunsa sun zama na kowa, kuskurena ya zama nasa.

Makon jiya na kai wa Yaya Hadiza sukari da dabino don sadakar shekara. Ba ta koma gida ba, tana nan tana sayar wa ma'aikatan gini tuwo. Na same ta tana tankaɗe. Muka gaisa, muka yi masa addu'a, sai ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba:

"Ka san, Habu, har yau in zan ɗaura kan gas sai gabana ya faɗi. Da ban kira shi ba ranar nan, da hankalinsa bai rabu biyu ba. Ni na sa shi mantuwar. Kuma daga baya ni ce na dinga bin sa, ka rufe ƙofa? ka sha magani? Har ya ce mini, Hadiza, ke ma kin gani ko?"

Ban taɓa sanin tana ɗauke da wannan ba. Duk shekarun nan ina zaton mutum ɗaya na cuta, kuma ya tafi. Na durƙusa na gaya mata komai, fitilun, kilen, akwatin, da amsar da na ba shi. Ta ci gaba da tankaɗe har garin ya ƙare a rariya. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba.

"Shekara goma sha biyu kana cin tuwona," in ji ta.

"Haka ne, Yaya."

"Nawa haƙƙin zan duba, ba yau ba. Nasa kuwa ba a hannuna yake ba. Ka je inda aka yi masa dariya."

Ranar Juma'a bayan la'asar na je fada. Mutanen sun ragu, wasu sun koma gida, wasu an kore su, wasu sun rasu, amma Sale na nan, ya tsufa, yana hura wuta. Ban zauna ba. Ya ce, "Habu, an hana ka zama ne, ko basir ne?" Aka yi dariya, na jira ta ƙare. Sannan na ce:

"Jama'a, Yaya Laminu bai manta bushon ba. Ya bar kile a kan kujera yadda ya saba, ni na ɗauke na sa a akwati. Ya tambaye ni, na yi masa ƙarya. Na zauna a nan kuna yi masa dariya, na taya ku. Ya rasu yana zaton hankalinsa ne ya gushe, alhali lafiyarsa lau. Sale, ka yafe mini, na bar ka kana tsokanar abokinka a kan abin da bai yi ba. Duk wanda zai sake faɗa, ya ce kada ka yi ta Habu. Yaya Laminu, na makara, ka tafi ba ka ji ba. Ka yi haƙuri. Na cuce ka, kuma ina roƙon Allah ya isar maka cewa hannunka bai taɓa kuskure ba."