Lambar Ƙofar Ɗakin Inna

Ni ne ɗan farin Inna, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma taɓa karɓar wayata ba. In na kira, sai ta miƙa wa ƙanwata, ta kawar da kai. Na san kunya ce, amma abin yana ci mini rai tun ina ƙarami, kuma har na samu aikin kwamfuta a Birnin Kudu bai daina ba.

Da hawan jini ya kwantar da ita a gidanmu na Gwaram, sai na kai tsohuwar kwamfutata ɗakinta, na haɗa ta da sola da rawuta, wato akwatin intanet, na ɗora mata kamara. Daga ofis nake buɗe burauza, manhajar shiga shafuka, in rubuta adireshin gidanmu na intanet da lambar ƙofar shiga, wadda mu masu aikin muke kira fot, sai kwamfutar gida ta bayyana a gabana da ɗakin Inna a cikinta. Bayan azahar nake shiga. Ita ba ta ganina, 'yar kibiyar da nake motsawa daga ofis kawai take gani tana yawo a fuskar kwamfutar. Da kibiyar ta motsa, sai ta gyara kallabi, ta dubi ƙanwata.

"Ki gaya wa mai akwatin nan ya riƙa cin abinci."

Da ni take, kowa ya sani. Iyakar hirar da na taɓa samu da mahaifiyata ke nan, kuma ta ishe ni.

Wata Talata na lura wasu baƙi daga ƙasashen waje suna ta gwada kalmar sirri. Sun gano ƙofar ne saboda na bar ta a kan lambar da kowa ya sani. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ɗakin uwata za su leƙa? Nan take, ina zaune a Birnin Kudu, na sauya lambar a kwamfutar gida, na danna. Hoton ya tsaya cak, sannan ya ɓace.

Sai a lokacin na tuna ban buɗe sabuwar lambar a rawuta ba. Rawuta tana tura mai shigowa tsohuwar ƙofa, kwamfuta tana jira a sabuwa. Na kulle kaina a waje, ba gyara sai daga cikin gida. Ni da nake yi wa abokan aiki tsawa in sun yi irin wannan shirme!

Na kira ƙanwata in koya mata ta waya. Ta rikice, na balbale ta da faɗa, na ce a bari sai Asabar. Kullum motar Gwaram tana lodi a tasha. Ba abin da ya hana ni tafiya sai girman kai, don ba na son neman izini a ofis in faɗi kuskuren da na yi da hannuna.

Ranar Juma'a da hantsi aka kira ni. Na iso an riga an yi wa gawar Inna wanka.

Bayan kwana uku, da masu gaisuwa suka ragu, na shiga ɗakin na zauna gaban kwamfutar. Gyaran bai ɗauke ni minti biyu ba. Na gwada da wayata, ɗakin ya fito, ga gado a gyare, ga ƙanwata tsaye a bakin ƙofa.

"Yaya," ta ce, "kullum bayan azahar sai ta sa na jingina ta da filo tana kallon abin nan. Na ce mata lalacewa ya yi, za ka zo Asabar. Ba ta yarda ba."

"Me ta ce?"

"Ranar Alhamis ta goge fuskarsa da bakin zaninta, ta jira har la'asar. Sannan ta ce in tambaye ka ko ta yi maka wani laifi ne."

"Me ya sa ba ki tambaye ni ba?"

Ta sunkuyar da kai.

"Tsoron faɗanka na ji."