Ranar da Yaya Mutari ya ɗaga hannu

Duk Gaya an san yayana Mutari. Da ƙuruciyarsa ɗan kokowa ne, daga Tunuga har Zabori ba a samu wanda ya kai shi ƙasa ba. Da ya bar fage sai ya kama dako, yana lodin buhunan masara a kamyo, wato babbar motar kaya, kusa da duwan, ofishin kwastan. Halinsa ɗaya ke ba ni haushi: ba ya cewa wayyo. Kunama ta taɓa harbinsa, sai da ya gama lodi muka ji labari, shi ma a bakin wasu.

Bara ciwon zuciya ya kayar da shi da buhu a ka. Aka kai shi asibiti a Yamai, Allah ya tashe shi. Ni ƙanwarsa, Zalika, ni na yi jinya. Da ya murmure, lokotoro, likitar da ke duba shi, ta ce ba zai koma dako ba sai an gwada zuciyar tana cikin aiki. Za a manna masa wayoyi a ƙirji, ya hau keken da ba ya zuwa ko'ina, ana ƙara masa nauyi, na'ura tana zana bugun.

"Da ka ji ƙirji ya ɗaure, ka ɗaga hannu," in ji ta.

Ya yi murmushin da na sani. A raina na ce, wannan mutum zai shanye ciwon don a ce ya ci, ya koma ƙarƙashin buhu, mu binne shi kafin kaka. Tsoro ya kama ni, amma ni ma ɗiyar gidan ce, ban nuna ba.

Na ce, "Yaya, nan ba fage ba ne. Babu makaɗi, babu 'yan kallo, ni kaɗai ce, kuma na san ka tun kana tsoron kaciya."

Ya harare ni, ya hau. Da farko kamar wasa, har yana tsokanar keken wai jaki ya fi shi. Aka ƙara nauyi, aka sake ƙarawa. Gumi ya keto masa, na ga ya cije leɓe. Lokotoro ta dubi na'ura, ta dube shi, ta buɗe baki za ta yi magana. Kafin ta ce komai, Yaya ya ɗaga hannu.

"Nan ne, kamar an ɗora mini buhu," ya ce.

Lokotoro ta ce bakinsa da na'ura sun zo ɗaya: in aiki ya yi nauyi, jini ba ya isar zuciyar. Aka sake masa magani, aka sa ranar duba jijiyoyin zuciyar, aka hana shi dako. Tafiya a ƙafa kuwa, aka ce ya yi kullum.

Yanzu shi ke tsara wa 'yan dako lodi, da yamma ya taka zuwa bakin kogi. In tsoffin abokan fage suka tambaye shi wa ya kayar da shi, sai ya nuna ni ya ce, "Ga ta nan. Shi ya sa kuke ganina."