Manyan Baƙaƙe Don Idon Baba

A unguwarmu ta Maijirgi, Baba ne mai karanta wa mutane takardar ajami tun kafin a haife ni. Shi ya sa da idonsa ya fara hazo, ba tuntuɓe ne ya fi ci masa rai ba. Abin da ya tsana shi ne wani ya karanta masa saƙon amininsa.

Aminin nan yana zaune a garin El Allassane Maïreyrey. Tare suka tashi, tsufa ya hana su ziyara, sai aminin ya koyi danna baƙaƙen Larabci a waya yana aiko wa Baba tsokana. Saƙon murya kuwa Baba ya ƙi shi ƙememe, wai duk gida ke ji. In an buɗa masa rubutun da yatsa, layin ya tsere gefe, hannunsa kuma rawa yake.

Ni ina aikin biro, wato ofis, a Tasawa, kuma na koya wa kaina gina shafin intanet. Sai na cika baki. Na ce zan yi masa shafi nasa shi kaɗai, aminin ya rubuta can, ya fito nan da manyan baƙaƙe a kan rawaya. Na gina, na hau mota ranar Asabar ina ji da kaina.

Baba ya karɓi wayar, ya karanta sallamar da na kafa a sama da hannuna, tangararan. Ya yi dariya. Sai ya gangaro ƙasa, dariyar ta tsaya. Saƙon aminin ya fito ƙanana, kamar an watsa gero.

"Ɗiyata, mi ya hwaru? Sallama ta ƙoshi, magana ta rame?"

Na ce ƙaramin abu ne, mako mai zuwa. Wallahi haka na zata.

Na koma Tasawa na ƙara girman baƙaƙen. Sallama ta kumbura har ta cika fuskar waya, saƙo ko gezau. Na sake, na goge, na sake. Ba ni da wanda zan tambaya. Abokan aikina in na fara bayani sai su ce Allah ya ba da sa'a, su koma kan shayinsu. Bayanan da ke intanet yawanci da Ingilishi suke, ni kuwa Faransanci na yi a lakwal. In na fara gane wani abu kuran, wato lantarki, ya ɗauke, in kuran ya dawo rezon intanet ya tafi. Akwai ranar da na kifa kai a kan tebur na yi kuka, don haushin rubutun da nake gani da idona amma hannuna bai kai gare shi ba.

Kowace Asabar Baba yana kan tabarma da wayar a gefensa. Ba ya tambaya. Saƙonni suna ta taruwa, ya hana kowa taɓawa. "A bar mini, ni zan karanta abina," in ji shi. Na roƙe shi in karanta masa ko ɗaya, ya ce sirrin tsofaffi ba na yara ba ne. Haka damina ta wuce, aka yanke gero.

A hankali na gane inda matsalar take. Tsarin da nake aiki da shi yana gina shafi gunduwa-gunduwa, kuma duk abin da na rubuta a cikin gunduwa sai ya buga masa alama, kamar buhu ranar kasuwa. Girma da launin da na tsara suna bin alamar ne kawai. Saƙon aminin kuwa daga baya yake shigowa, bayan an gama bugun alama, don haka ba abin da ke hawa kansa. Sai na fitar da umarnin girman daga gunduwar, na sa shi inda ya shafi shafin duka. Layi kaɗan ne. Na ji kunya, na ji daɗi, ban jira Asabar ba.

Na tarar da shi a inuwar zaure. Na sa masa wayar a hannu, baƙaƙe manya, baƙi wuluk a kan rawaya. Ya kawo ta dab da hanci, ya nisantar, ya karkata ta wajen haske. Sai ya fara da ƙarfi: gaisuwa mai yawa, da fatan alheri, da tambayar iyali. Zuciyata ta yi fari.

Can na lura idonsa ba ya bin layi. Gaisuwar da aminin ke buɗe kowane saƙo da ita ce yake kawowa da ka. Da ta ƙare, sai yatsansa ya shiga shafa gilashin.

"Rawayar ta yi kyau," ya ce. Ya miƙo mini wayar. "Matso kusa, ɗiyata. Ki yi a hankali, kar na cikin gida su ji."