Ƙofar da Yaya Bukar Ya Hana a Sayar

Bana shekara goma sha bakwai ke nan da rasuwar yayana Bukar, Allah Ya jiƙansa. Na so in rubuta yabo zalla kamar yadda ake yi wa mamaci, amma duk lokacin da na ɗauki alƙalami haushinsa ne yake fara zuwa mini. Shi ma ya san da haushin tun yana da rai.

Yaya Bukar ya tafi Rasha karatun aikin ruwa bayan ya gama lakwal, wato makarantar boko, a nan Damagaram. Shekara biyar ya yi can, amma in ka zauna da shi sai ka rantse yini ɗaya ya yi, domin labarin yini ɗaya kawai yake bayarwa. Wani hutu ne aka kwashe su a jirgin ruwa zuwa wani tsibiri. Can ya ga gidajen manoma na gumagumai, an jera gungume bisa gungume, mutane a sama, shanu a ƙasa. Ya ga wata majami'a mai ƙubbobi da yawa, rufinta kamar ɓawon kifi, wadda aka ce masa da gatari aka sassaƙe ta, ba a riƙe bangonta da ƙusa ba. Ya yi ta zagaya ta har azahar, ya koma gefe ya yi sallarsa a kan ciyawa. Wata tsohuwa mai sharar wurin ta gaya masa cewa lokacin yaƙi sun ci yunwa, sanyi ya kashe musu mutane, amma ba wanda ya ɓalli katako ɗaya ya hura wuta. Ta tambaye shi wa ke kula da tsofaffin gidajen ƙasarsu.

Mun sha wannan labarin a suna, mun sha shi a biki, har a zaman makoki. Muna dariya ne kawai, sai da fari ya zo.

A farin nan ruwa ya ɗauke hatsi bai yi kai ba. Gwaggonmu Hadiza ta zo daga wajen Gidimuni da 'ya'yanta huɗu, suka sauka a gidanmu na Birni, tsohuwar unguwar Damagaram. Ni ma ina gidan da nawa biyu, mijina ya tafi neman aiki kudu. Albashin Yaya ne da jar dawar taimako ke riƙe da mu duka, sau ɗaya ake ɗora tukunya. Ana haka wani dillali ya zo ya ce akwai Baturen da ke son ƙofar zaurenmu. Tsohuwar ƙofa ce mai kauri, an daddasa mata ƙarafan maƙera, tun kakanmu da ya zo daga Barno take wurin. Buhunan hatsin da za a bayar sun isa su kai mu damina. Inna, mahaifiyarmu, ta amince nan take.

Yaya ya dawo daga biro, wato ofishinsu, ya tarar ana shirin ciro ta. Sai ya zauna a bakin zauren, ya soma ba dillalin labarin tsohuwa mai shara. Wallahi ji na yi kamar in kwaɗa masa muciya.

Na ce, "Yaya, su ɗakin ibadarsu suka tsare. Wannan ƙofa ce kawai, kuma 'ya'yan Gwaggo da yunwa suke kwana."

Ya ce, "Falmata, hatsin zai ƙare. In ya ƙare me za mu sayar?"

Ya sallami dillalin. Washegari ya sayar da babur ɗinsa, ya haɗa da rediyo. Har babbar rigar sanyin da ya zo da ita daga Rasha ya kai kasuwa, ba wanda ya taya, don wa zai sa gashin dabba a zafin Damagaram? Abin da ya samo bai kai rabin na ƙofar ba. Gwaggo ta duba tukunya ta duba bakunan da ke jiranta, ta kwashi 'ya'yanta ta shiga kamiyo, babbar motar kaya, zuwa Kano. Autarta ta rasu a can kafin damina. Ban ce ƙofar ce ta kashe ta ba, kowa da ajalinsa. Amma na yi wata uku ban gaishe shi ba, shi kuma bai taɓa tambayata dalili ba. Shekara shida ya yi yana zuwa aiki a ƙafa, kuma duk kaka shi ke aika wa Gwaggo hatsi har ta bar duniya.

Yau da zai dawo ya ga Birni, ban san da wa zai fara faɗa ba. Gidajen ƙasar da ba su faɗi a yunwa ba, yanzu da ƙoshi ake rushe su a zuba siminti. Bara ɗansa na cikinsa ya rushe zauren namu ya sa ƙofar ƙarfe mai fenti, ya jingine tsohuwar a bayan gida gara na cin gindinta. Da na yi magana sai ya ce, "Gwaggo, ai ta tsufa." Ƙofar da muka kwana da yunwa saboda ita! Na tsaya ina yi masa faɗa, can sai na ji bakina yana ba shi labarin wata majami'a a ƙasar da ban taɓa takawa ba.

Na sa aka ɗauko mini ita a kura. Ba ta dace da kowace ƙofa a gidana ba, ta tare rabin ɗakin ajiya, kuma ni ke shafa mata mai saboda gara. Har yanzu ina ganin da ni ce mai yanke hukunci a shekarar nan, da na sayar. Yaya ya tafi ya bar ni da gadin abin da na fi kowa son a rabu da shi. Allah Ya gafarta masa, ni kam da saura.